Pesuwa Arba'in

Kafin ladanin Aboabo ya gama gyaran murya
na riga na leƙa allurar mai.
Ta kwanta a kan jan layi
kamar akuyar da ta sami inuwa.
Na ƙwanƙwasa gilashin da farce
ko za ta ji kunyata ta ɗaga kai.
Ba ta ɗaga ba.

A wajen mai koko Gariba ya matso,
ƙosai a baki, yana waige-waige:
"Can gaban Tafo, hanyar Mampon,
akwai gidan mai, ko fentinsa bai bushe ba,
lita ta sauka da pesuwa arba'in.
Kada ka gaya wa kowa."
Kafin in shanye kokona
ya gaya wa mutum shida.

Pesuwa arba'in!
Na yi lissafi a bayan takardar inshora:
lita ashirin, sidi takwas ke nan.
Wace da dafaffen ƙwai ga Sakinatu,
ko littafin rubutun Fuseini,
ko in rage wa Alhaji Mutari tsawon fuska
idan na kai masa balas da magariba.

Na bi ta Asawase ban taka birki ba.
Wata mai kwandon doya ta ɗaga hannu, na wuce.
Wani mai kwat ya yi ihun "Adum!", na wuce.
Kuɗi na kirana a bakin titi da sunana,
ni ina bin wanda ban gani ba tukuna.
A gangara in kashe inji,
mu zame shiru kamar ɓarawon kaji,
a hawa in lallashe ta da sunan da na raɗa mata:
Haƙuri, daure. Haƙuri, saura ƙiris.

A Kurofurom hanya ta toshe.
Wata tirela ta mutu a gicciye,
yaranta sun baza ganye a titi sun shige ƙarƙashinta.
In kashe, batir ba ya da amana.
In bari, tana shan abin da babu.
Na zauna ina jin ta tana haɗiya,
maƙwat, maƙwat,
mai ruwan leda ta zagayo ni sau uku
har ta daina tambaya.

Da na isa, layi ya kai ƙofar coci.
Ga motar Gariba, ta uku daga gaba,
ga duka shidan nan,
ga waɗanda su ma suka ce wa kada su gaya wa kowa.
Muka yi ta turawa da kafaɗa, taku biyu, a tsaya,
wuyan riga ya jiƙe, kwalta na kama takalmi.

Saura mota huɗu
sai yarinyar famfo, an rubuta Akosuwa a ƙirjin rigarta,
ta jingina tsani da dogon allon,
ta hau, ta zare lamba ɗaya, ta zura wata.
Ba ta kalle mu ba.
"Tankar safe ta ƙare," in ji ta,
"wannan sabuwa ce."
Wani ya zagi gwamnati, wani ya zagi dala,
ni na rasa wanda zan zaga
sai na zagi Gariba, wanda ya riga ya sha ya tafi.

Na sayi lita goma, don komawa ma hanya ce.
A Asawase na rage gudu.
Inda mai doya ta tsaya
babu kowa sai ɓawon lemo.

Alhaji ya ƙirga balas sau biyu, ya yi tsaki sau ɗaya.
Sakinatu ta dubi hannuna, ta ɗora ruwan tuwo,
ba ta tambaya ba, shi ya fi ciwo.
Na ajiye Haƙuri a kan gangara, hanci ƙasa,
dutse a gaban taya,
don gobe ta tashi ba da roƙo ba.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara.
Gariba ne: "Ejisu. Pesuwa hamsin. Kai kaɗai na gaya wa."
Na kife ta a kan tabarma.
Na juya dama, na juya hagu,
sannan na laluba aljihu na jawo takardar inshora.
Akwai sauran wuri daga ƙasa.