Kwano a Ƙarƙashin Kwano

Gobe gwaji, ƙarfe takwas,
an ce a zo da zarto da guduma da fensir.
Yau kuwa hadari ya haɗo ta bayan Ƙofar Sauri,
ga ni a ɗakin Gwaggo Ige
ina bitar abin da hannu ya sani, baki ya kasa.

Uku, huɗu, biyar.
Haka Sada Kafinta ke fitar da kusurwa,
igiya a haƙora, tef a ƙugu.
In biyar ɗin ta ƙi cika, kar ka zargi bango,
kwance ka sake. Rufi ba ya yafe karkata.

Ɗis.

Katakon da zai kwanta bisa gini
a ɗaure shi da langalanga tun daga cikin bulo,
don iskar farkon damina ba ta sallama.
Na ga ta ɗauke rufin wani shago a Rafindaɗi
ta aje shi ɗungurungum kan bedin maƙwabta,
ƙusoshinsa duk suna nan, ba wadda ta fita.
Ƙusa ta riƙe kwano, wa ya riƙe katakon?

Baƙin mai kafin a hau da shi,
lungu-lungu, har bakin yanka,
gara ba ta jin Allah-ya-isa.
Tsani, in tsawo huɗu ne, gindinsa ya ja baya ɗaya,
a ɗaure kansa. Mannir bai ɗaure ba,
har yau da ɗingishi yake zuwa masallaci.

Ɗis. Ɗis.

Shimfiɗar kwano daga yamma ake farawa,
a tafi ana fuskantar gabas,
kowane ya hau bayan ɗan'uwansa tudu ɗaya da rabi,
bakin haɗi ya ba ruwa baya.
Layin ƙasa kafin na sama.
In za ka taka, bi sahun ƙusa,
nan katako yake, sauran duk rijiya ce da murfi.

Sai ita ƙusar.
A tudu ake bugunta, ba a kwari ba,
kwari hanyar ruwa ce, ba a kasa kaya a hanya.
A buga har roba ta zauna, kar a lotsa.

Wannan na san shi fiye da sunana,
don ɗakin nan ni na rufe shi,
watana bakwai da fara koyo,
ranar da maigida ya tafi Jibiya ta'aziyya.
Kaina ya kumbura. Na ari guduma.
Na bi kwari na jera ƙusa sittin
saboda can ta fi saurin shiga,
na sauko ina jiran yabo.

Gwaggo ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.
Damina uku ke nan tana jawo kwanon sha
ta aje daidai ƙafar gado,
wai tana son ƙarar, ita ke sa ta barci.

Sada ya zo gaisuwar Sallah, ya ɗaga kai sau ɗaya,
ya sha furarsa, ya yi godiya.
Sai a zaure, yana sa takalmi:
"Masu biro awa biyu za su riƙe ka.
Mai gwajin gaske daga gabas yake zuwa,
ba ya duba takarda, bai san ɗan kowa ba."

Ɗis.

Na tashi na zubar, na mayar.
Gobe in sun ce ina ake buga ƙusa,
ba littafi zan tuna ba.
Jibi kuwa, ko na ci ko na faɗi,
akwai bandir guda a shagon Alhaji Dikko
da na biya rabin kuɗinsa tun azumi.
Zan fara daga yamma.

Gwaggo ta juya, ido a rufe:
"Kai, Bishir, matsar da kwanon nan,
ya koma ɗiga ta can."