Ganyen Gwaza

Shekara tara ina kankare ƙanƙara
a ɗakin sanyin kifi, nan Farin Gada.
In kankare da asuba, la'asar ta dawo
kamar mai bin bashi.

Ran nan Kangyang ta zo daga jami'a
da farantin ƙarfe biyu da ɗan gwangwani.
Ta shafe ɗaya, ta bar ɗaya tsirara.
Na ce, "Fenti ne ko man kitso?"
Ta ce, "Baba Tasi'u, ka taɓa ganin
ruwa ya kwana a ganyen gwaza?"

Muka jingine su jikin bututu, muka ja ƙofa.

Kafin hantsi, tsiraran ya yi furfura.
Shafaffen kuwa, raɓa ta sauka, ta dunƙule,
ta rasa madafa, ta gangara.
Azahar haka. La'asar haka.
Sai bayan isha'i ya soma fari daga gefe.

Na ce, "To, ai ta kama shi."
Ta dubi agogo, ta rubuta.
"Ban hana ta zuwa ba, Baba,
makara na sa ta yi."

Na dubi yatsuna, duk faso.
Awa goma sha ɗaya.
Na mayar da su aljihu.