Koriyar Kwalba

A Lisbon, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ruwa,
na tambayi tsoho Anselmo turaren babana.
Ya girgiza kai: "Sun daina yi, Graça,
yau shekara tara."

Babana direban tarago ne.
Ran Lahadi, bayan aski,
yakan ɗiga biyu a tafi, ya mari kumatunsa,
gida ya ɗau ƙamshin ɓawon lemo da taba
da katakon da ruwa ya daka.

Anselmo ya miƙo sabo, wai ƙanensa ne.
Na sansana.
Kama da wane ba wane ba ne.

Saura kaɗan a gindin kwalbarsa,
ya yi duhu kamar kwanannen shayi.
Ba na buɗewa sai kewa ta ci ƙarfina,
don duk na buɗe
Baba raguwa yake.