Gado na Tara

Ƙarfe uku na dare a Shika,
janareta na tari.
Aka turo shi, numfashi sama-sama.

Ina laluben jijiya na gane hannun:
Tanimu mai shayi na bakin get,
wanda shekara shida ya zuba mini madara bashi
ina haddar sunayen ƙasusuwa a bencinsa.

Ya buɗe ido da ƙyar.
"Barira, ɗari bakwai ɗina fa?"

Dariya ta ƙwace mini, allura na rawa.
Jijiyar ta ɓuya, na lallaɓo ta.

Da asuba zazzaɓin ya sauka.
Na tsallaka titi na sayo masa shayi.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska:
"Wa ya haɗa wannan? Ruwa zalla."