Fangalin Gida

Lambun babanmu na bayan Naraguta,
bakin tafkin da masu haƙar kuza suka bari.
Fangali arba'in na kasuwa ne.
Ɗaya tak, can gindin gwaiba, na gida.

Arba'in ɗin nan kamfa suke ci da yuriya,
Talata da Asabar a yi musu wankan feshi.
Kabejinsu sumul kamar kan sabon aski,
tumatir jajir, babu tabo,
tsutsa in ta doso sai ta sake hanya.

Na gidan kuwa kashin awaki ne tuwonsa,
tokar murhu ce miyarsa.
Ganyensa duk huji, kamar rariyar Inna Kande,
karas a karkace, wani har da ƙafa biyu,
amma in ya shiga tukunyar gwate
ƙamshinsa kan tsallake katanga ya gaida maƙwabta.

Ina ɗan shekara tara na ce,
Baba, don me mu ke cin munanan?
Ya kwance tsumman da ya ɗaure hanci,
ya yi tari, ya tofar, ya ce:
"Abin da tsutsa ta ƙi, ni ma ina shakkarsa."

To, amma ido ke sayayya a Farin Gada,
harshe sai an koma gida ake tambayarsa.
Motar Abuja ba ta ɗaukar mai huji.

Ba zan zagi buhu ba.
Shi ya rufa ɗakinmu da kwano,
shi ya kai Asabe makarantar kiwon lafiya.
Shekarar da taki ya gagari aljihu
mun ga gindin rumbu tun kafin shuka,
kuma yunwa ma ciwo ce,
ba ta jiran a auna jini.

Da Asabe ta dawo da farar riga
ba ta bar kowa da gaskiyarsa cikakkiya ba.
Ta ce, "Wajen gina jiki ba su yi nisa da juna ba,
ganye ganye ne, ku dai ci da yawa.
Abin dubawa shi ne wanda ya kwana a bayansa.
Kun yi feshi jiya, kun tsinka yau?"
Baba ya dubi ƙasa.
Ta nuna tokar bolar da muka saya a gari,
ta tona da tsinke, sai ga mataccen batir.
"Wannan ma na gargajiya ne?"
Ni ma na dubi ƙasa.

Bara tari ya kwantar da shi.
Kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti,
hannun da ya saba da famfon feshi
yana rawa a kan bargo.
Na sayo masa kwaɗon latas a bakin ƙofa.
Ya ɗaga ganye ɗaya ga hasken taga,
lafiyayye, kore shar, ko ƙwarzane babu.
Ya ce, "Na wane fangali ne?"
Na ce ban sani ba.
Ya daɗe yana kallonsa.
"Ashe kowa ɗan gidan wani ne."

Bana lambun yana hannuna.
Na matsar da iyaka, na gida ya zama bakwai.
Sauran ina fesawa, ba zan ɓoye ba,
sai dai ina rufe baki da hannu,
ina zana kwanaki da gawayi a jikin gwaiba,
ba na tsinka sai sun cika.

Jiya na kai masu huji Farin Gada.
Wata mata ta juya kabeji, ta yatsina fuska,
ta raba kuɗin biyu.
Na ce albarka, ta juya, na kira ta.
Na ƙara mata gyaran karas mai ƙafa biyu,
ɗan da ke bayanta ya miƙo hannu ya karɓe.