Littafin Aljihu

A Grimsby asuba ba ta da zakara,
sai kukan tsuntsayen teku da gurnanin firji.
Ƙarfe huɗu ina tsaye bakin tebur,
wuƙa a dama, kifi a hagu,
yatsuna sun manta cewa nawa ne.

Amma ba sanyin ne ya fi ciwo ba.

Darren, shugaban layinmu,
bai taɓa kiran sunana daidai ba.
Sa'adu, gaɓa uku kacal,
ya ce sun fi ƙarfin harshensa,
alhali kukan biri bai taɓa gagarar sa ba
duk sanda na juya baya.

Ran Talata, ɓawon ayaba cikin takalmina.
Ran Juma'a, ruwan ƙarni a kan dardumata.
Aka yi dariya, ni ma na yi,
irin wadda haƙora ke yi ba da izinin zuciya ba.

Na ce haƙuri.
Na tuna rufin ɗakin Inna a Malumfashi,
da kuɗin jarrabawar Ramlatu.
Baƙo, in ji ni, ba ya ɗaga murya a gidan mutane.
Na haɗiye, na haɗiye,
har tuwo ya daina samun wurin zama.

Grazyna ce, mai nannaɗe kwali a gefena,
ta cusa min ɗan littafi a aljihu.
Ta ce: Rubuta.
Rana, lokaci, abin da ya ce, wanda ya ji.
Kada ka ƙara gishiri, miyar ta ji da kanta.

Na rubuta a banɗaki, na rubuta a bas,
shafi talatin da ɗaya, duk da ƙarnin kifi.

A ofishin ƙungiyar ƙwadago
wata dattijuwa, Maureen, ta karanta har shayinta ya huce.
Ta ce: Doka ba ta duba launin fasfo.
Wasan da mutum ɗaya ke kuka a cikinsa ba wasa ba ne.
Kai ƙorafi a rubuce, ka riƙe kwafi.
Wa'adin kotu gajere ne, kada ka yi barci a kansa.
In kuma suka huce a kanka don ka yi magana,
wannan laifi ne na biyu, mai zaman kansa.

Sun kuwa huce.
Aka rage min awanni, aka tura ni ɗakin ƙanƙara.
Na buɗe shafi na talatin da biyu.

An gwada sulhu, sulhu bai ɗinku ba.

Kotun ma'aikata ashe ɗaki ne ɗan ƙarami,
babu gudumar da na zata,
sai tulun ruwa da agogon bango.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya:
na faɗi na takalmi, na faɗi na darduma.
Grazyna ta tsaya, muryarta na rawa,
amma maganarta ba ta yi rawa ba.
Darren ya ce raha ce kawai,
yana kallon igiyar takalminsa.

Alƙaliyar ta sauke tabarau ta dube ni:
Yaya ake faɗin sunanka?
Na faɗa. Ta maimaita, ta kuskure,
ta sake, har ta dace.
Nan ne hawayen ya ci amanata.

Hukunci ya zo a ambulan bayan makonni.
Diyya ta rufe ɗakin Inna, ta bar canji.
Ba ta sayo min barcin da na rasa ba;
har yau in aka yi dariya a bayana
sai kafaɗata ta riga ni juyawa.

Jiya an kawo sabon yaro layinmu,
Tesfay, ɗan siriri, mai yawan sunkuyar da kai.
Ban ce masa komai ba tukuna.
Na dai biya kanti da yamma
na sayi ɗan littafi, da biro biyu.