Rafin da Ya Ƙi Zama a Taswira

Zvonka ta yanka yankinsu gunduwa-gunduwa,
murabba'i dubu sau dubu a allon kwamfuta,
kowanne da lambar tsayinsa.
Doka ɗaya ta ba su:
kana da maƙwabta takwas,
miƙa ruwanka ga wanda ya fi ka ƙasa.

Sai kibiyoyi suka bi juna.
Ɗigo ya sami ɗigo, zare ya sami zare.
Ƙorama mai lamba ɗaya ta gamu da 'yar'uwarta, suka zama biyu.
Mai biyu ta haɗiye mai ɗaya, ko gezau,
sai ta ci karo da tsararta kafin a kira ta uku.
Har ruwa ma da girman kai, in ji Zvonka,
shayinta ya huce tun ɗazu.

Amma akwai ramuka,
inda maƙwabtan takwas duk sun fi ka tudu,
ruwa ya shiga, babu ƙofa.
Na'ura ba ta son haka.
Ta ce kuskuren awo ne, ta cike su dam, ta shafe,
ta ja shuɗin layi ya tsallake,
ya ratsa wata gona a bayan Postojna
kamar dama can gidan ubansa ne.

Ran Talata ta sa takalmin roba, ta je gani da ido.
Ciyawa ce, busasshiya ƙamas.
Akwatunan zuma goma sha ɗaya, kowanne da fentinsa,
da wani tsoho, Lojze, yana gyaran murfi.
Ta nuna masa allon: nan rafin yake.
Ya dubi allon, ya dubi ƙafarsa.
Ya ce, ashe shekara saba'in ina tsaye cikin ruwa
ban jiƙe ba.

Ya ja ta gangare, cikin itatuwa,
inda rafin ke tahowa da surutunsa,
ya iso gindin farin dutse,
ya sunkuya, ya shige.
Shi ke nan. Ba tafki, ba kumfa,
sai sanyin da ke fitowa daga bakin kogon
da wata ƙara kamar ana juye tsakuwa a ƙuryar ɗaki.

Babana ya taɓa zazzage buhun ƙaiƙayi a nan, in ji shi.
Kwana uku aka gan shi yana yawo a idon ruwa,
bayan tsaunin can.
Ya nuna arewa.
Kibiyoyinta kudu suka nufa.

Ta dawo da rini, kore shar, wanda ba ya cutar da ko kwaɗo.
Suka tuttule shi da sassafe, hannuwansu na karkarwa.
Kwana ɗaya, shiru.
Biyu, shiru. Uku.
Ran na biyar waya ta yi ƙara,
wata mata ce, Cilka, daga ƙauyen da bai shiga lissafi ba:
wa ya taɓa mini ruwa?
Agwagina na iyo cikin kore!

Yamma ke nan.
Lojze ya sosa ƙeya.
Shekarar baba an yi ruwa sosai, ya ce.
In ƙasa ta ƙoshi, wata hanya yake bi.

Da dare ta koma ofis.
Ta tone ramin da na'ura ta cike,
ta mayar masa da zurfinsa.
Ɗigo ɗaya a bakin kogo,
ɗigo ɗaya wajen agwagin Cilka,
na uku a arewa, da sunan mamaci a gefensa.
Tsakaninsu layi mai tsinkewa,
kamar ɗinkin da ba a gama ba.

Gurbin tsawo, ta bar shi wayam.
Gurbin hanya, ta rubuta: ba mu sani ba.

Jan rubutu ya fito a ƙasan allo:
magudana ta yanke, kuskure ɗaya.
A gyara?

Ruwa ya fara sauka a kan rufin kwano.
Ta saurare shi yana bin indararo,
yana ratsa titi, yana neman inda zai ɓace.
Ta danna a'a,
ta ajiye aikin da kuskurensa,
ta kashe fitila.